Inda Turanci Mai Zurfi Ke Kayar da Mai Jin Rashanci

Mai jin Rashanci da ya kai matsakaicin mataki a Turanci yana da wata matsala ta daban: manyan kalmomi ba sa ba shi tsoro, ƙananan ne ke kayar da shi. Ka ba shi *infrastructure* ko *hypothesis* ko *phenomenon*, nan take zai gane, domin duk suna nan a harshensa da ɗan bambancin lafazi. Amma ka ce masa *put up with* ko *get round to*, sai ya tsaya cak, alhali babu kalma ɗaya a ciki da bai sani ba tun shekararsa ta farko a aji. Duk wanda zai koyar da irin wannan ɗalibi, a Mosko ne ko Minsk ko Almaty ko ta intanet, idan bai fahimci wannan ba zai ɓata watanni yana loda masa kalmomin da bai buƙata.

Dalilin yana cikin tarihi. Turanci ya kwashi dubban kalmomi daga Faransanci da Latin bayan mamayar Normandawa a 1066, ya ɗora su a kan tsoffin gajerun kalmominsa na asali. Shi ya sa kusan kowace ma'ana take da baki biyu: *ask* da *inquire*, *put off* da *postpone*, *find out* da *discover*. Rashanci kuma ya buɗe ƙofarsa ga kalmomin Turai ta Yamma tun zamanin Sarki Pita na Ɗaya, wanda ya rasu a 1725, sannan Faransanci ya zama harshen masu sarauta da masu ilimi a ƙarni na 18 da na 19. Saboda haka saman Turanci, wato harshen littafi da ofis, kusan kyauta yake zuwa wa Barashe. Ƙasan kuwa, harshen hira da wasiƙar yau da kullum, babu inda zai dafa.

Sakamakon shi ne mutum ya riƙa magana daidai a nahawu amma da nauyin da bai dace da wurin ba. Zai ce wa abokinsa *I must postpone our meeting* inda Bature zai ce *can we put it off*. Kamar wanda ya sa babbar riga ya tafi gona ne: babu laifi a rigar, wurin ne ba nata ba. A rubutu abin ya fi tsanani, domin Rashancin ofis yana son jera sunaye a bayan juna maimakon aikatau. Marubuci Korney Chukovsky ya raɗa wa wannan salo suna *kantselyarit*, wato cutar harshen ofis. Idan aka kwaso shi zuwa Turanci sai ka ga *the carrying out of the realization of the project*, kalmomi tara, inda *running the project* ta wadatar. Maganin farko shi ne duk lokacin da ɗalibi ya ga *of* sau biyu a jimla ɗaya, ya nemo aikatau da ke ɓoye a cikin sunan ya fito da shi.

Kyautar nan ma tana da ƙaya a ciki. Kalmomin da harsunan biyu suka aro daga tushe ɗaya ba lallai su riƙe ma'ana ɗaya ba, kuma su kansu Rashawa suna kiransu ƙawayen ƙarya na mai fassara. *Magazin* kanti ne, ba mujalla ba. *Aktualny* na nufin abin da ke tashe yanzu, ba *actual* ba. *Simpatichny* kyakkyawa ne ko mai shiga rai, ba mai tausayi ba. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi boko da Faransanci za su gane waɗannan ukun nan da nan, domin ma'anar Faransancin ce Rashanci ya riƙe, kuma tarkon da ke kama Barashe shi ke kama su. Akwai wasu: *familiya* sunan dangi ne, *fabrika* masana'anta, *akkuratny* mai tsafta da tsari, *dekada* kwana goma ba shekara goma ba, *perspektivny* mai alamar ci gaba, wanda ke haifar da *a perspective specialist* a takardun neman aiki maimakon *promising*. Biyu daga ciki ba na wasa ba ne ga masu aikin asibiti: *angina* a Rashanci kumburin maƙogwaro ne, a Turanci kuwa ciwon ƙirji ne mai nasaba da zuciya, *insult* kuma a Rashanci shanyewar ɓarin jiki ce, ba zagi ba.

Amma a ganina an cika zuzuta waɗannan. Jerinsu gajere ne, wanda ya zauna da guda ɗari mafi yawan fitowa zai gama da su cikin 'yan makonni. Wahalar gaske tana inda kalma ɗaya ta Rashanci ta rabu gida biyu ko uku a Turanci, domin a nan babu wani abu da ke yi wa mutum gargaɗi cewa akwai zaɓi. *Reshenie* ita ce *decision*, ita ce kuma *solution*. *Politika* ta haɗa *politics* da *policy*. *Udobny* ta rufe *comfortable* da *convenient*, shi ya sa ake jin *is Tuesday comfortable for you*. *Vozmozhnost* ta ɗauki *possibility* da *opportunity*, *opyt* ta ɗauki *experience* da *experiment*, *delat* ta ɗauki *make* da *do*. *Istorichesky* ba ta bambanta *historic* da *historical*. Ko a sassan jiki haka ne: *ruka* hannu ne gaba ɗaya daga kafaɗa zuwa yatsu, *noga* ƙafa ce gaba ɗaya, kamar dai yadda muke yi a Hausa, Turanci kuwa ya raba kowanne biyu.

Akwai wani reshe na wannan da malamai da yawa ba sa lura da shi. Aikatau a Rashanci yana zuwa ne tagwaye, ɗaya na aikin da ake cikin yi, ɗaya na aikin da ya kammalu. Sau da yawa Turanci ba ya nuna wannan bambanci da nahawu, sai da kalma daban. *Sdavat* zama jarrabawa ne, *sdat* cin ta ne; Turanci ya ce *take* da *pass*. Barashe zai ce *tomorrow I am passing my exam*, mai sauraro ya ɗauka cika baki yake yi. Haka *lechit* da *vylechit* su ne *treat* da *cure*; *postupat* da *postupit* su ne *apply* da *get in*; *ugovarivat* da *ugovorit* su ne *try to persuade* da *persuade*; *reshat* da *reshit* su ne *work on* da *solve*. Darasi ɗaya a kan wannan, da misalai goma sha biyu, yana gyara kurakuran da mutum ya shekara yana maimaitawa.

Daga nan sai abokan tafiyar kalma. Kowace kalma tana da waɗanda take jerawa da su, kuma ba hankali ke tsara wannan ba, al'ada ce. Ruwan sama a Rashanci mai ƙarfi ne, a Turanci mai nauyi, *heavy rain*. Hoto a Rashanci yin sa ake yi, a Turanci ɗaukar sa ake yi. Ƙananan haruffan da ke bin aikatau su ne suka fi taurin kai: *depend from* maimakon *on*, *congratulate with* maimakon *on*, *married on* maimakon *to*, *answer on the question*, *play on the guitar*, *in the internet*, *explain me*, *I feel myself good*, *how do you call it*. Kowanne ɗaya hoton jimlar Rashanci ne sak. Ga kuma sunayen da ba a ƙirga su a Turanci amma jam'i ne a Rashanci, irin su kuɗi da labarai da shawarwari da gashi, inda *money are* da *advices* ke fitowa. Tunda Rashanci ba shi da *a* da *the* kwata-kwata, dokokinsu ba sa zama a kai da sauƙi, alhali ma'ana na iya juyawa a kansu: *few* ƙaranci ne, *a few* wadata ce daidai gwargwado, *a number of* da *the number of* ba abu ɗaya ba ne.

Duk wannan yana kai mu ga ƙa'ida ɗaya ta aiki: a wannan mataki kada a sake rubuta kalma ita kaɗai a littafi. A rubuta ta da rakiyarta, da harafinta, da *a* ko *the* ɗinta. Ba *decision* ba, *reach a decision*. Ba *account* ba, *take into account*. Ba *run* ba, *in the long run*. Wanda ya haddace guntun magana gaba ɗaya ba ya buƙatar tuna doka a lokacin da yake magana.

Aikatau masu jela, irin su *give up* da *turn out*, su ne babban dutsen, kuma a nan Barashe yana da wata dama da ba a cika nuna masa ba. Abin da Turanci ke yi da jela a bayan aikatau, Rashanci yana yin sa da ɗafa-goshi. *Vy* sau da yawa daidai take da *out*: *vyyti* ita ce *go out*, *vybrosit* ita ce *throw out*, *vycherknut* ita ce *cross out*, *vyyasnit* ita ce *find out*. *Ot* tana yawan dacewa da *off*: *otrezat*, *cut off*; *otorvat*, *tear off*; *otlozhit*, *put off*. *Pere* tana tafiya da *over*: *perevernut*, *turn over*, *peredelat*, *do over*. Da zarar ɗalibi ya ga haka, tsoron ya ragu da rabi, domin ya gane tsarin ba baƙo ba ne. Sai dai a gaya masa gaskiya cewa gadar ba ta kai ko'ina ba. *Put up with* ba ta da irin wannan takwara, *make up* kuma ita kaɗai tana nufin ƙirƙiro ƙarya, da shiryawa bayan faɗa, da zama kason wani abu, da kwalliya.

Kuskuren da ake yi shi ne koyon su ta jerin aikatau: yau duk masu *get*, gobe duk masu *take*. Guda ashirin masu kama da juna a rana ɗaya cakuɗewa suke yi. Gara a bi yawan amfani. Masu bincike Garnier da Schmitt sun fitar a 2015 da jerin guda 150 da suka fi yawan fitowa, tare da ma'anonin da suka fi yawa ga kowanne. Guda biyar a mako, kowace ma'ana da jimlarta, ya isa a gama cikin wata bakwai. A kuma rubuta kowanne da abin da yake ɗauka, domin a ga inda wakilin suna ke zama: *turn it off* ake cewa, ba *turn off it* ba, amma *look after him* ba ta rabuwa.

Sai salon magana, wato irin maganar da ma'anarta ba ta cikin kalmominta, kamar yadda jan kunne a wurinmu ba ya buƙatar a taɓa kunnen kowa. Rashanci yana da arzikin wannan sosai, kuma masu shi suna alfahari da shi, don haka ɗalibi yakan zo da ƙishirwar samun takwarorinsu a Turanci. Wasu suna da su. Inda Barashe ke mai da ƙuda giwa, Bature yana mai da tudun ɓera tsauni, *make a mountain out of a molehill*. Zomaye biyu da Barashe ke kashewa tsuntsaye biyu ne a Turanci. Wanda ya tafi birnin Tula da tukunyar shayinsa, garin da aka san shi da ƙera su, shi ne a Turanci mai kai kwal Newcastle, garin Ingila da aka san shi da kwal. Ranar da ƙaguwa za ta yi fito a kan dutse ita ce ranar da aladu za su tashi sama.

Haɗarin yana wurin masu kama da juna da ba ɗaya ba. Kyanwa a buhu a Rashanci sayen abin da ba ka gani ba ne, wanda Turanci ke kira *a pig in a poke*. Amma *let the cat out of the bag* tona asiri ne. Farin hankaka a Rashanci mutum ne da ya fita daban a cikin jama'a, ba lallai da wani aibu ba. *Black sheep* kuwa wanda ya zubar da mutuncin gidansu ne, kuma kiran wani haka bisa kuskure ba ƙaramin abu ba ne. Rataya wa mutum taliya a kunne yaudara ce, *pull someone's leg* kuwa tsokana ce ta raha. Ko a cikin Turancin kansa akwai rabuwa: *to table* wata magana a Ingila gabatar da ita ne don a tattauna, a Amurka kuwa jingine ta ne. Maganganun ofis na Amurka da yawa daga wasan besbol suka fito, irin su *touch base* da *ballpark figure*, wasan da yawancin Rashawa ba su taɓa kallo ba, don haka hoton da ke ciki ba ya taimaka musu, sai dai a haddace.

Ra'ayina a nan a fili yake: a raba su kashi biyu, na ganewa da na amfani. Masu launi da dabbobi a ciki a san su don a gane idan an ji, a bar su a nan. *Raining cats and dogs* tana cikin littattafan makaranta da yawa, amma da wuya ka ji ta a bakin mai harshen. *It's pouring* yake cewa. Waɗanda ya kamata su shiga baki su ne marasa ado da ake faɗa kullum ba tare da an lura ba: *make sense*, *bear in mind*, *take for granted*, *come to terms with*, *rule of thumb*, *cut corners*, *a grey area*, *on the whole*. Su ne ke sa magana ta yi kama da ta ɗan gida. Masu shirin jarrabawar IELTS, ta gwada iya Turanci, su kula da wannan musamman. Yalwar kalmomi ɗaya ce daga ma'aunai huɗu da ake duba magana da su, kuma abin da ake nema shi ne dacewa da wuri da sanin abokan tafiyar kalma. Cusa karin magana a kowace amsa ba ya ƙara maki, yana ma iya nuna cewa haddar aka yi.

Maganar ladabi ita ma ta kalmomi ce. A Rashanci umarni tare da *pozhaluysta*, wato don Allah, cikakken ladabi ne, don haka *give me please the report* ba rashin kunya ba ne a zuciyar mai faɗa. A kunnen Bature kuwa umarni ne. *Could you*, *would you mind*, *I was wondering if* dole a koye su a matsayin kalmomi. *Konechno* amsa ce mai daɗi a Rashanci, amma *of course* a kan tambayar neman bayani tana iya zama kamar ana ce wa mutum ai kowa ya san wannan. *Normalno* na nufin lafiya lau, *normal* ba ta nufin haka. *You must* da *you should* kuma sun fi nauyi fiye da yadda ɗalibi yake zato.

To, nawa ake buƙata, kuma ta yaya? Binciken Paul Nation na 2006 ya nuna cewa karanta littafi ko jarida ba tare da taimako ba yana buƙatar dangin kalmomi (wato kalma da rassanta) 8,000 zuwa 9,000, sauraron magana kuma 6,000 zuwa 7,000, idan ana son sanin kashi 98 cikin 100 na abin da ke gaba. Wannan yana ba da ma'aunin zaɓen abin karatu: a shafi mai kalmomi 300, baƙi shida daidai ne, idan sun haura goma sha biyar, littafin ya yi nauyi, karatun zai koma buɗe ƙamus. Mai shirin karatun jami'a zai amfana da jerin kalmomin ilimi 570 da Averil Coxhead ta fitar a 2000, amma Barashe zai tarar ya san ma'anar da yawa daga ciki. Abin da zai nema a wurinsu shi ne abokan tafiya da wurin nauyin murya, domin a nan ma harshensa yana jan sa: *kharakter* tana da nauyi a gaɓa ta biyu, *character* a ta farko, *kategoriya* a ta uku, *category* a ta farko, *tekhnologiya* a ta uku, *technology* a ta biyu. Kalmar da aka koya da ido kawai, ba a ji ta ba, sai an sake koyon ta.

Game da kayan aiki, ƙamus mai harshe biyu ya gama aikinsa a wannan mataki, sai dai don kalmomin fanni. Multitran, ƙamus na intanet wanda masu fassara a Rasha ke yawan amfani da shi, yana da kyau ga kalmar injiniya ko ta shari'a, amma jama'a ne ke ƙara masa bayanai, kuma yakan jero fassara talatin ba tare da nuna wadda ake amfani da ita yau ba. A koma ga ƙamus na masu koyo mai Turanci zalla, irin na Oxford ko Cambridge ko Longman, da ƙamus na abokan tafiyar kalma. Idan ana shakkar ko ana faɗin wani abu, a duba rumbun rubutu: COCA yana da kalmomi sama da biliyan ɗaya na Turancin Amurka, rumbun ƙasa na harshen Rashanci kuma yana da sashen da ke jera matanin Turanci da fassararsa gefe da gefe. YouGlish yana fito da guntayen bidiyo inda mutane ke furta kalmar da aka nema.

Ga masu amfani da Anki, manhajar haddar kalmomi da kati, yadda aka gina katin shi ne komai. A gaba a sa jimlar da aka tsinto kalmar a ciki, da gurbi a inda guntun maganar yake, da ɗan manuni na Rashanci idan ya zama dole. A baya a sa amsar, da alamar nauyin murya, da sauti, da kalma ɗaya da ke nuna wurin amfani: hira, ofis, ko rubutu. Manhajar tana zuwa da sabbin kati 20 a rana, kuma wanda ya bi haka zai wayi gari da bitar kusan 200 kullum, abin da ke sa mutane da yawa su watsar. Takwas zuwa goma sun isa. Kada a sa tagwaye masu ruɗarwa, irin su *economic* da *economical* ko *borrow* da *lend*, a rana ɗaya. A bar mako guda tsakani, sai ɗaya ta zauna a kawo ɗayar. Katin da aka kasa amsawa sau takwas manhajar da kanta za ta yi masa alama. Ba a ci gaba da dukan sa, sake rubuta shi ake yi da wata jimlar.

Atisayen da ya fi kowanne tona inda Rashanci ke ɓoye a ƙarƙashin Turancin mutum shi ne fassarar komawa. A ɗauki sakin layi mai kalmomi kamar 150 daga jarida mai kyau, a fassara shi zuwa Rashanci na gaske, ba kalma da kalma ba. A ajiye kwana uku har asalin ya fita daga kai, sannan a mai da shi Turanci, a jera da na asali. Kowane bambanci a sa shi a ɗaya daga gida uku: harafi da *a* ko *the*, abokin tafiya, ko nauyin magana. Ba kowane bambanci ne kuskure ba, don haka wanda ake shakka a duba shi a rumbu kafin a yanke hukunci. Abin da ya tabbata kuskure shi ne zai zama katunan makon. Sau ɗaya a mako ya wadatar, kuma bayan wata biyu gidan da ya fi cika shi zai nuna inda za a karkata lokacin karatu.